Salman Khan Ɗina Ba Na Fim Ba Ne

Idan ka shiga majalisa a Kano ka ce kai masoyin Salman Khan ne, nan take za a fara jero maka finafinan Indiya, wani ma ya miƙe ya gwada maka yadda jarumin yake yage riga kafin faɗa. To ni ma masoyin Salman Khan ne, har na wuce a kira ni masoyi, sai dai nawa bai taɓa yage riga a gaban kowa ba, bai taɓa rawa a gindin bishiya ba. Kai, a darussan da nake magana a kansu ko fuskarsa ba a gani. Murya ce kawai, da baƙin allo, da alƙalami mai canza launi. Amma wallahi abin da muryar nan ta yi a gidana cikin wata uku, babu jarumin fim ɗin da ya taɓa yi mini rabinsa.

Abin ya faro ne wani dare bayan sallar isha'i. Ina kishingiɗe a tsakar gida ina sauraren rediyo, sai ɗiyata ta biyu, wadda take aji biyu na babbar sakandare a ɓangaren kimiyya, ta durƙusa ta ajiye littafi a gabana. "Abba, don Allah ka duba mini wannan, gobe da safe za a karɓa." Na jawo tabarau, na gyara zama irin na iyaye masu ilimi, na haska da fitilar waya. Ga abin da idona ya yi arba da shi: a raba 2x³ + 3x² − 11x − 6 da x − 2. Na karanta daga hagu zuwa dama, na sake karantawa daga dama zuwa hagu, ko Allah zai sa ya fi sauƙi ta ɓangaren Larabci. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Ni da lissafi mun raba gari tun ina aji uku, ranar da aka fara cusa haruffa a cikin lambobi. Tun a lokacin na yanke hukuncin cewa duk ilimin da zai tsare ni da tambayar nawa ne x, alhali shi ma bai sani ba, ba ilimina ba ne. Na yi gyaran murya na ce, "Ai wannan mai sauƙi ne, je ki kwanta, da asuba ma duba." Ta kalle ni, na kalle ta. Ta san ban sani ba, ni ma na san ta gane.

Ba wai kafin wannan dare mun naɗe hannu ba ne. Mun ɗauki malamin lesin, mutumin kirki, sai daga baya na gano cewa in ya zo karɓe littafin yake yi ya warware tambayoyin da hannunsa, ita kuma ta kwafe da nata. Da muka sallame shi, ƙawayenta suka nuna mata wata manhaja da ake ɗaukar hoton tambaya ta zubo amsa kamar injin markaɗe. Aikin gida ya riƙa dawowa da goma bisa goma, ni kuma ina ta washe baki ina sa albarka. Ranar da aka yi gwajin tsakiyar zango, inda babu waya babu malamin lesin, yarinya ta dawo da huɗu bisa ashirin da jajayen idanu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ɗan maƙwabcinmu da ke karatun injiniya a jami'a shi ya fitar da ni kunya. Da safe na tare shi a ƙofar gida, ya warware tambayar a tsaye, sannan ya ce, "Baba, me zai hana ku sauke mata Khan Academy?" Na ce nawa ake biya? Ya ce ko sisi. Na ce to talla fa, irin wadda za ta faɗo wa yarinya tana tsakiyar karatu? Ya ce babu. Ban yarda ba, don mun saba da cewa araha ba ta ado. Ya karɓi wayata ya sauke, ya buɗe mata asusu, ya buɗe mini nawa na mahaifi, ya kama hanyarsa. Allah ya yi wa yaron nan albarka.

Da daddare muka zauna ni da ita, kai da kai a kan waya ɗaya. Niyyata in sa ido ne kawai, kada ta zarce kallon abin da ba shi ba. Ashe ni ma aji aka shigar da ni ban sani ba.

Bidiyon farko bai kai lokacin dafa shayi ba. Allo baƙi ƙirin, sai muryar Salman Khan ɗin nawa ta fara magana a natse, kamar yaya ya zaunar da ƙanwarsa a kan tabarma. Ya fara da sunan abin, ya fasa kalmar gida biyu ya nuna cewa farkonta yawa take nufi, wato abu mai gaɓoɓi da yawa. Polinomiyal, ashe, ba aljani ba ne. Jerin gaɓoɓi ne da aka haɗa da alamar tarawa ko ta ɗebewa, kowace gaɓa kuma lamba ce da aka ninka da x, ko da x sau x, ko da x sau x sau x, haka dai, ko kuma lamba zalla tana zaune abinta. 'Yar mitsitsiyar lambar nan da ke ɗare a kafaɗar x ita ke faɗin x nawa aka jera ana ninkawa, kuma dole ta zama cikakkiyar lamba, ba ɓari ba, ba ƙasa da sifili ba. Wadda ta fi girma a cikinsu ita ce darajar polinomiyal ɗin. Shi ke nan fa! Abin da ya kore ni daga ajin lissafi shekara talatin da suka wuce, ga shi an kwance mini shi kamar rawani. Na ji haushi, na ji daɗi, duk a lokaci guda.

Abin da ya fara sace mini zuciya shi ne launukan nan. Gaɓoɓin da ke da x² ya zagaye su da launi ɗaya, masu x kaɗai da wani launin, lambobi zalla da wani. Ido ma da kansa yana gaya maka wa zai zauna da wa. Nan take ƙanena ya faɗo mini a rai, wanda ke sana'ar hatsi a kasuwar Dawanau. Ka je ka ce masa kana da buhu uku da tiya biyar, ka ga ko zai ce kana da takwas. Takwas ɗin me? Buhu da buhu ake tarawa, tiya da tiya. To haka 3x² da 5x suke, dangi ne amma ba a zuba su a ma'auni ɗaya. Da na faɗa wa ɗiyata haka ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Abba ya mayar da aljabra kasuwar hatsi. Amma tun daga ranar ba ta sake haɗa buhu da tiya ba.

Bayan kwana biyu ita ta rama mini. Muna cin tuwo ta ajiye cokali ta ce, "Abba, ka san naira 352 ma polinomiyal ce?" Na ce ta yaya? Ta ce ɗari sau uku, goma sau biyar, sai biyu. Ɗari kuwa goma sau goma ce. Saboda haka in ka rubuta 3x² + 5x + 2 ka ce x goma ne, 352 za ka samu cif. Mamanta ta ce a ci abinci tukuna. Ni kuwa tuwon ya tsaya mini a hannu. Yarinyar da wata ɗaya baya take kwafar amsa ba ta san me take kwafa ba, yau ita ke hango lissafi a cikin kuɗin cefane, kuma babu wanda ya ɗora ta a kai.

Akwai wani kuskure da na tabbata duk gidan da ke da ɗan sakandare an taɓa tafka shi. A ce wa yaro ya buɗe (x + 3)², sai ya rubuta x² + 9 ya miƙa takarda yana murmushi. Tawa ma haka ta yi. A darussan nan akwai inda ake koyar da ninkawa da zanen fili, kuma a nan ne wannan kuskure ya mutu murus a gidanmu. Ka ɗauka kana da ɗaki mai tsawon ƙafa x da faɗin ƙafa x, sai ka so ka faɗaɗa shi, ka ƙara ƙafa uku ta gabas, ƙafa uku ta arewa. Tsohon ɗakin yana nan, shi ne x². Ta gabas an samu wani siririn fili mai 3x, ta arewa ma an samu irinsa, sai ɗan lungun kusurwa mai uku sau uku, wato tara. In ka haɗa, x² + 6x + 9 ke nan. Mai rubuta x² + 9 ya manta da filaye biyu sukutum. Gwada da goma ka gani: 13 sau 13 ya ba da 169, shi kuwa lissafinsa 109 ya ba shi. Duk birkilan da ya yi maka irin wannan awo, sai ka koma kasuwa ka ciko tayil sittin.

Sai muka iso ga dodon da kansa, rabawa. A nan ne na sara wa mutumin nan. Bai zo da wata sabuwar tsatsuba ba. Doguwar rabawar nan ta firamare ya tuna mana, wadda ake zana ɗan rumfa a sa lamba a ciki, ya nuna cewa ita ce dai, kaya kawai ta sauya. Ɗiyata ta ɗauko tambayar da ta kunyata ni, ta ce yau sai ta ga bayanta da hannunta. Me za a ninka x da shi a samu 2x³? Sai 2x². Ta rubuta a sama, ta ninka shi da x − 2, ta samu 2x³ − 4x². Sai ɗebewa. A daidai nan ta yi tuntuɓe: 3x² a ɗebe −4x², ta rubuta −x², daga nan komai ya dagule, lambobi suka ƙi ƙarewa. Ta sake, ta sake faɗawa rami ɗaya. Ta koma bidiyon, ta ja shi baya, ta kalli wurin sau uku, sai na ji ta ce "Au!" Ɗebe abin da yake ƙasa da sifili ƙari ne, kamar a yafe maka bashi, amsar 7x² ce. Daga nan hanya ta miƙe. Ta sauko da −11x, ta rubuta 7x a sama, ta ɗebe 7x² − 14x, ya rage 3x. Ta sauko da −6, ta rubuta 3 a sama, ta ɗebe 3x − 6, babu abin da ya rage. Amsa: 2x² + 7x + 3. Ta yi tsalle har ta taka kwanon ruwa. Ni kuwa na yi kabbara, maƙwabta suka zaci haihuwa aka yi.

Wannan "Au!" ɗin ita ce duk abin da nake yabo. Ajinsu a makaranta cike yake maƙil, malami ɗaya, minti arba'in, ga manhajar karatu tana korar sa kamar mai bin bashi. Ba laifinsa ba ne. Amma wace yarinya ce, da irin tarbiyyar kunyar da muke ba 'ya'yanmu mata, za ta ɗaga hannu sau uku a gaban aji ta ce, "Malam, ban gane ba, a sake"? Sau ɗaya ma sai ta daure. Shi kuwa wannan malami na cikin waya, ka mayar da shi baya sau ashirin, muryarsa ba ta canzawa. Ba ya tsaki, ba ya duba agogo, ba ya cewa ai na faɗa ɗazu. Kuma yana da wata ɗabi'a da ta burge ni: kafin ya warware tambaya sai ya ce ka tsayar da bidiyon ka gwada da kanka tukuna. Wani lokaci shi ma yakan yi kuskure a rubutu, ya ankara, ya goge ya gyara a gabanka, bai yanke wurin ya ɓoye ba. Yaro yana ganin haka ya san kuskure ba abin kunya ba ne, tunda ga mai digiri uku daga jami'ar MIT ma yana yi.

Bayan bidiyo akwai tambayoyin gwaji, kuma a nan ne bambancinsa da injin markaɗen nan ya fito fili. In ka amsa, nan take za ka san ka dace ko ka kauce. In ka maƙale, akwai wurin neman haske, amma ba a juye maka amsa gaba ɗaya. Mataki ɗaya za a buɗe maka, ka gwada, in ka sake maƙalewa a buɗe na gaba. Kamar mai koya wa yaro keke ne, yana riƙe da sirdi, yana saki kaɗan-kaɗan. Ni kuma ta asusuna ina ganin abin da ta yi da wanda ta tsallake, ba sai na yi ta tambaya ana ce mini "na gama" ba.

Ta nan muka gano ainihin ciwon. Ashe matsalarta ba polinomiyal ba ce. Lambobin da ke ƙasa da sifili ne ba su zauna mata ba tun ajin farko na ƙaramar sakandare, ta yi ta hawa aji da ramin a ƙarƙashinta shekara huɗu, babu wanda ya leƙa. Wannan kuwa ita ce babbar hujjar Salman Khan, wadda ya daɗe yana nanatawa a jawabansa da littafinsa na 2012: makaranta tana ba yaro saba'in bisa ɗari ta ce ya ci, a wuce gaba, alhali talatin ɗin da ya rasa a kansu za a ɗora darasi na gaba. Wa zai aza bene a kan tubalin da bai bushe ba? Muka haƙura muka koma baya, ta yi mako guda cur tana darasin 'yan aji ɗaya. A makaranta da wannan ya zama abin tsokana. A ɗaki, daga ita sai wayarta, wa ya gani?

Darasin da na fi ƙauna duk cikinsu shi ne ƙa'idar ragowa, har na iya shi na koya wa abokaina a majalisa, ko sun so ko ba su so ba. Ka raba 17 da 5, ka samu 3, ragowa 2. Ma'ana 17 daidai yake da 5 sau 3 a ƙara 2. Haka polinomiyal: in ka raba shi da x − 1, to shi daidai yake da x − 1 sau wani abu, a ƙara ragowa. To yanzu ka ce x ɗaya ne. Ai x − 1 ya zama sifili, ya haɗiye duk abin da aka ninka da shi, ragowar kaɗai ta tsira. Saboda haka in ragowa kawai ake nema, ba sai ka zana rumfa ba. Cusa lambar kawai za ka yi. A tambayarmu, sa 1 a gurbin x: 2 + 3 − 11 − 6, ya ba da −12, ragowar ke nan. Sa 2: 16 + 12 − 22 − 6, sifili. Ragowa sifili kuwa na nufin x − 2 ya raba shi tas, kamar yadda muka gani da doguwar hanya. Daga nan sai a fasa 2x² + 7x + 3 ya zama (2x + 1)(x + 3), dodo ya tashi daga dodo ya koma 'yan guntaye uku: (x − 2)(2x + 1)(x + 3). Abin da ya ƙara masa daraja a idona, bai ce mu haddace ba. Akwai bidiyo na musamman da ya nuna dalilin da ya sa ƙa'idar take gaskiya. Mu a zamaninmu bulala ce dalili.

Da ƙauna ta yi ƙauna sai na shiga bin tarihin mutumin, kamar yadda masoyan wancan Salman ɗin suke bin nasa. An haife shi a 1976 a jihar Luwiziyana ta Amurka, mahaifinsa ɗan Bangaladesh, mahaifiyarsa 'yar Indiya. Ya yi MIT, ya ƙara da digirin kasuwanci a Harvard, ya kama aiki mai tsoka a wani kamfanin juya kuɗi a Boston. A 2004 wata 'yar uwarsa 'yar shekara goma sha biyu ta samu tangarɗa a lissafi, sai ya fara koya mata daga nesa, ta wayar tarho da wani allon zane na Yahoo. Ka ji fa, shi ma daga taimakon aikin makaranta na cikin dangi ya fara, irin dai wanda ya gagare ni a tsakar gidana. Sauran 'yan uwa suka ji labari suka shigo, lokaci ya yi masa kaɗan, sai a 2006 ya fara naɗar darussan yana ɗorawa a YouTube. Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa yaran sun gaya masa sun fi son sa a bidiyo a kan ido da ido, saboda suna iya tsayar da shi su mayar da shi baya. A 2008 ya kafa Khan Academy a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, a 2009 ya ajiye aikinsa ɗungurungum, ya shige wata 'yar ƙuryar ajiye tufafi a gidansa da ke Kalifoniya yana naɗar darasi, iyali suna cin abin da aka tara. Mu a nan da dangi sun kira taro a kansa. A 2010 Bill Gates ya faɗa a bainar jama'a cewa shi ma da darussan yake amfani tare da 'ya'yansa. A shekarar Google ta ba da dala miliyan 2, gidauniyar Gates ta ba da miliyan ɗaya da rabi. Wato darasin da ɗan mai kuɗin duniya ya kalla, shi ɗiyata take kallo a kan tabarma da fitilar caji, babu ragi babu ƙari. Ku gaya mini inda aka taɓa yin haka.

Akwai kuma wani bidiyo da ya sa na ji tsigar jikina ta tashi, wanda ya yi a kan asalin aljabra. A nan ya kawo sunan Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, malamin da ya zauna a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, ya rubuta littafinsa na hisabin aljabru da muƙabala wajen shekarar 820. Daga sunan littafin nan kalmar aljabra ta fito, ta bi ta fassarar Latin ta shiga harsunan Turai. Ni da na sha zama gaban malaman zaure, ban taɓa kawowa a raina cewa abin da nake gudu a makarantar boko daga Larabci aka samo sunansa ba. Alkhawarizmi bai yi amfani da x ba, da kalmomi zalla ya rubuta lissafinsa: abin da ba a sani ba ya kira shi abu ko saiwa, in an ninka shi da kansa ya kira shi dukiya. Shahararren misalinsa, in an mayar da shi rubutun yau, shi ne x² + 10x = 39, kuma da zanen fili ya warware shi, irin dai na ɗakinmu da aka faɗaɗa: a cike kusurwa da 25, jimla ta zama 64, gefen filin 8, a cire 5, saura 3. Wani babban kaso na littafin kuma a kan wasiyya da rabon gado yake. Sai na tuna marigayi limamin unguwarmu, yadda yake zana layuka a ƙasa da yatsa yana fitar da tumuni da sudusi da sulusi. Ashe aljabra ta daɗe tana kwana a zaurukanmu, mu ne muka gan ta da kwat muka kasa gane ta.

Ga iyayen da za su gwada, darussan an jera su ne bisa tsarin makarantun Amurka, saboda haka kada ka shiga neman aji biyu na babbar sakandare. Ninkawa da fasa polinomiyal mai daraja biyu suna cikin Algebra 1. Tarawa, rabawa, ƙa'idar ragowa da zanen jadawalinsu suna cikin Algebra 2. Kada kuma wani ya ce wannan na 'yan Further Maths ne kaɗai: manhajar lissafi ta JAMB ta ƙunshi polinomiyal har zuwa daraja ta uku, da ƙa'idar ragowa da ta fakta, don haka duk yaron da zai rubuta lissafi a jarrabawar shiga jami'a sai ya gamu da su. Maganar data kuwa, manhajar waya tana bari a sauke bidiyo a ajiye. Mu muna saukewa ne da tsakar dare in data ta yi araha, ta kalla ko an ɗauke wuta ko babu sabis. Turancinsa na Amurka ne, kwanakin farko kunne sai ya saba, amma akwai rubutun abin da yake faɗa a ƙasa, ana kuma iya rage masa sauri. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai su ma ba a bar su a baya ba, akwai darussan da Faransanci, waɗanda ƙungiyar Bibliothèques Sans Frontières ta ɗauki nauyin juyawa tun 2013.

A gwajin ƙarshen zango ɗiyata ta kawo goma sha bakwai bisa ashirin. Ukun da ta rasa ta zauna ta binciko inda ta ɓata da kanta, ta zo tana nuna mini, wai alamar ɗebewa ce ta sake yi mata ƙafar ungulu a wuri ɗaya. Yanzu ƙannenta da 'ya'yan maƙwabta ke taruwa a zaurenmu ranar Asabar, ta jingina ɗan allo da bango, ta ɗauko alli kala uku, ta juya musu abin da ta kalla zuwa Hausa. Har salon mutumin ta kwaso: sai ta rubuta tambaya ta ce, "To ku tsayar da ni, ku gwada tukuna." Ni ma nakan raɓe a bakin ƙofa da jarida a hannu, wai karatu nake yi.

In maki ake bayarwa, na ba shi goma bisa goma, kuma wannan goman ba kwafarta aka yi ba. Roƙona yana ga malaman lissafinmu na Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato, masu baiwar bayani da Allah ya hore musu: mutumin nan da ɗan allon zane da makirufo ya fara, a cikin ƙuryar tufafi. Wayar da ke aljihunku ta fi abin da ya fara da shi. Ku naɗa mana rabawar polinomiyal da Hausa, da buhu da tiya da tayil, minti goma-goma, ku ɗora. Ni ne zan fara kallo, ɗiyata kuma ta ce ita za ta duba muku alamar ɗebewa.